Monty Jones: Masanin da Ya Haɗa Auren Shinkafa Biyu

Jawabi domin ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci da manoman shinkafa na Birnin Kebbi da Argungu. A karanta shi a aji, sannu a hankali.



Jawabin wannan wata a kan shinkafa ne, da wani masani ɗan Afirka ta Yamma wanda ya yi rayuwarsa yana yi mata hidima. Sunansa Monty Jones, mutumin ƙasar Saliyo. Babban aikinsa ya shafi abin da ido ba ya iya gani a jikin shuka. Duk da haka amfanin aikin ya iso har gonakin Nijeriya. Labarinsa yana da darasi ga duk mai noma a fadamar gulbin Rima, musamman wanda yake da tsohon iri na gado a rumbunsa.

Abin da ido ba ya gani

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti gwajin zazzaɓin cizon sauro ya san madubin likita. Ana ɗiga jini a kan gilashi, ma'aikaci ya sa ido ya leƙa. Wannan madubi yana ƙara girman abu sau ɗari, ko sau ɗari huɗu, har sau dubu. Da irinsa ne masana tsirrai suke duba jikin shuka.

A shekarar 1665 wani Bature ɗan Ingila mai suna Robert Hooke ya yanko ɓawon wani itace siriri, ya duba shi da madubi. Sai ya ga ƙananan ɗakuna jere da juna kamar saƙar zuma. Daga baya, a 1838, wani Bajamushe mai suna Schleiden ya bayyana cewa duk jikin tsiro da irin waɗannan ɗakuna aka gina shi. Saiwa da kara da ganye da fure, duk haka suke. Kowane ɗaki ana kiransa ƙwayar halitta.

Ana iya ganin wannan da albasar Aliero. A ɓare 'yar fatar nan mai shara-shara ta cikin albasa, a shimfiɗa ta a kan gilashi, a duba da madubin makarantar sakandare. Za a ga ƙwayoyin halitta a jere kamar tubalin gini.

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu ƙananan zare. Su ne suke ɗauke da gadon shuka. Su ke sa wata shinkafa ta yi tsawo, wata ta yi gajarta, wata ta nuna da wuri, wata ta daɗe. Ana kiransu zaren gado. Shinkafa tana da guda 24 a kowace ƙwayar halitta, 12 daga uwa, 12 daga uba.

Shinkafa iri biyu ce

Shinkafar da ake nomawa a duniya gida biyu ce. Akwai ta Asiya, akwai ta Afirka.

Ta Afirka ita ce ta kaka da kakanni. Manoman bakin kogin Kwara, a ƙasar da ake kira Mali yanzu, su ne suka fara noma ta wajen shekara 3,000 da suka wuce. Sun samo ta ne daga shinkafar daji. Daga nan ta bazu har fadamun Sakkwato da Kabi. Yawancinta jar ƙwaya gare ta. A cikinta akwai mai bin ruwa, wadda karanta ke ƙara tsawo in ruwa yana hawa. Dattawan Argungu da Birnin Kebbi sun san ta sarai.

Wannan shinkafa jaruma ce. Tana saurin baza ganye ta rufe ƙasa, ciyawa ta rasa wurin fita. Tana jure ƙasa marar ƙarfi, tana jure wasu ƙwari da cututtuka. Amma tana da aibu. Zangarniyarta ba ta da rassa da yawa, saboda haka ƙwayarta kaɗan ce. In ta nuna takan kwanta. Kuma tana kakkaɓewa tun kafin a yanke ta, rabon manomi ya zama na tsuntsu.

Ta Asiya kuwa baƙuwa ce. Turawan Fotugal sun kawo ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma wajen shekara 500 da suka wuce. Tana ba da amfani mai yawa, ba ta saurin kakkaɓewa. Sai dai tana son kulawa. Ciyawa na cinye ta, fari da cututtukan Afirka na wahalar da ita. Duk da haka yawan amfaninta ya sa manoma suka yi ta komawa kanta, suna barin ta gado.

Masana sun daɗe suna tunanin haɗa su, a sami juriyar wannan da yawan amfanin waccan. An gwada sau da yawa. Shukar takan fito, ta yi kyau, ta fid da kai, amma zangarniyar sai ta zama holoƙo. Abin ya yi kama da alfadari. Doki da jaki sun haife shi, ga ƙarfi, amma ba ya haihuwa.

Wane ne Monty Jones?

An haifi Monty Jones ran 5 ga Fabrairu, 1951, a Firitawun, babban birnin Saliyo. Mutanen Saliyo shinkafa ce abincinsu na kullum. Ya yi karatun aikin gona a kwalejin jami'a ta Njala a ƙasarsu, ya gama a 1974.

A 1975 ya kama aiki da ƙungiyar bunƙasa noman shinkafa ta Afirka ta Yamma, wadda ake kira WARDA. Nijeriya tana cikin ƙasashen wannan ƙungiya. An sa shi aikin shinkafar fadamun bakin teku, inda ruwan gishiri ke shiga. Daga nan ya tafi jami'ar Birmingham a Ingila. Ya sami digiri na biyu a 1979, a kan tattara irin shuka da adana shi. A 1983 ya sami digirin dakta a kan ilmin tsirrai.

A waɗannan shekaru shinkafa ta zama abin damuwa a Afirka ta Yamma. Jama'a na ƙaruwa, abin da ake nomawa ba ya isa, sai an sayo daga waje. A watan Afrilu na 1979, maganar ƙarin kuɗin shinkafa ta jawo tarzoma a Monrobiya, babban birnin Laberiya, har aka rasa rayuka.

A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, aka naɗa Jones shugaban sashen kyautata irin shinkafar tudu na WARDA. Wurin aikin yana kusa da garin Buwake a ƙasar Kwaddebuwa. A can ya ɗauki aikin da ya gagari na gabansa.

Yadda aka ɗaura auren

Da farko shi da abokan aikinsa sun shuka nau'o'in shinkafar Afirka sama da dubu. Duk daga hannun manoma aka tattaro su, aka adana. Suka duba halin kowace ɗaya, suka rubuta. Suka zaɓi 'yan kaɗan. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce CG 14, daga ƙasar Sanagal.

Sai aikin barbara. Furen shinkafa ƙarami ne ƙwarai. A cikin kowane fure akwai sashen mace, akwai kuma 'yan jakunkuna shida masu ɗauke da garin fure, wato sashen namiji. Shinkafa ita ke barbarar kanta. In ana son haɗa iri biyu, sai a datse bakin furen da almakashi, a cire jakunkunan nan shida da ɗan hantsaki tun ba su fashe ba. A rufe zangarniyar da takarda. Da safe a kawo garin fure na ɗaya shinkafar a barbaɗa. Haka ake yi, fure ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne na mai haƙuri.

To, me ke sa 'ya'yan wannan aure su zama holoƙo? Madubi ya nuna amsa. Ana ɗiga ruwan aidin a kan garin fure, a duba. Gari mai rai cike yake da abinci, sai ya yi baƙi. Wanda ba shi da rai fanko ne, ba ya kama launi. Garin furen waɗannan 'ya'ya kusan duk fanko ne. Shinkafar Asiya da ta Afirka kowace zare 24 gare ta, amma sun daɗe da rabuwa, gadonsu ba ya jituwa sosai.

Jones da mutanensa sun bi hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ceton ɗan tayi. A gindin kowace ƙwayar shinkafa akwai ɗan ido, wanda shi ne ke tsirowa. Bayan irin wannan barbara, sau da yawa ƙwayar ba ta cika, ɗan tayin ya mutu da yunwa. Sai masani ya buɗe ƙwayar tun tana ɗanya, yana kallo ta madubi. Ya ciro ɗan tayin da bakin allura. Ya sa shi cikin kwalba mai tsabta, a kan wani abinci mai kama da kamu wanda aka haɗa da sukari da gishirin da shuka ke bukata. A nan zai yi saiwa da ganye, sannan a dasa shi a ƙasa. Kamar dai yadda ake sa bakwaini a kwalba a asibiti ne har ya yi ƙwari.

Hanya ta biyu ita ce maimaita aure. Garin furen waɗannan 'ya'ya ya mutu, amma sashen mace na wasunsu yana da rai. Sai a sake barbarar su da garin shinkafar Asiya. Abin da aka samu a sake yi masa haka. Kowane zagaye holoƙo na raguwa, ƙwaya na ƙaruwa. Bayan zagaye biyu, a lissafi, wajen kashi ɗaya cikin takwas na gadon shukar ne ya rage na Afirka. Sai a zaɓi shukokin da suka riƙe halayen da ake so.

Hanya ta uku ita ce renon garin fure. Sabon iri yakan yi ta rarrabuwa, wani dogo, wani gajere. Kafin ya tsaya a kan hali ɗaya sai an shuka shi sau shida ko fiye. Amma akwai gajeriyar hanya. Wata masaniya 'yar Indiya, Sipra Guha, da malaminta Maheshwari, su suka gano ta a birnin Delhi a 1964. Da wani nau'in zaƙami suka yi gwajin. A 1968 masanan Japan suka yi nasarar yin haka da shinkafa.

Ga yadda abin yake. Ana ciro jakar garin fure tun ba ta nuna ba, a sa ta a kwalba a kan abincin nan. Ƙwayar garin fure zare 12 kawai gare ta. Sai ta yi ta rabuwa har ta zama ɗan curi, curin ya tsiro. Sau da yawa zaren nan 12 sukan ninka kansu su zama 24. Tunda biyun duk abu ɗaya ne, shukar ta tsaya a kan hali ɗaya ke nan tun daga farko. Ba kowace jaka ke tsirowa ba. Wasu ma sukan fito farare fat, su mutu. Sai an yi da yawa kafin a sami 'yan kaɗan.

A 1994 aka dace. Aka sami shukoki masu jinin gida biyu, masu cika ƙwaya, waɗanda 'ya'yansu ke fitowa kamar iyayensu. Daga baya aka sa musu suna NERICA. Taƙaitawa ce daga Turanci, ma'anarta Sabuwar Shinkafa Domin Afirka.

Manomi shi ne alƙali

Jones bai tsaya a ɗakin gwaje-gwaje ba. Sun shuka nau'o'i masu yawa a gonakin ƙauye, suka gayyaci manoma maza da mata su zo su duba. Manomi ya ga yadda shukar ke tashi, ya ga zangarniya, a dafa ya ɗanɗana. Wadda ta kwanta masa ita zai ɗauka ya gwada a gonarsa. Ƙasar Gini tana cikin waɗanda suka fara karɓar irin da hannu biyu.

Abin da manoma suka fi so shi ne saurin nuna. NERICA ta tudu tana nuna cikin kwana 90 zuwa 100. Tsofaffin irin tudu sukan kai kwana 120 ko fiye. Wata guda ba wasa ba ne ga gidan da rumbunsa ya ƙare a tsakiyar damina.

An fitar da nau'i 18 na tudu. Wani masani ɗan Burkina Faso, Moussa Sié, ya jagoranci aikin na fadama, aka sami nau'i 60.

A 2002 Jones ya koma Akara ta ƙasar Gana, ya shugabanci ƙungiyar binciken aikin gona ta Afirka mai suna FARA har 2013. A 2004 aka ba shi Lambar Yabo ta Abinci ta Duniya, tare da Yuan Longping na ƙasar Sin. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Daga baya ya zama ministan aikin gona na Saliyo, ya riƙe muƙamin har 2018. Ya rasu ran 28 ga Afrilu, 2024, yana da shekara 73. Ita kuwa WARDA, tun 2009 sunanta ya koma AfricaRice.

Ina ruwan Kebbi da wannan?

A Nijeriya, irin shinkafar da hukuma ta gwada ta amince da shi ana sa masa suna FARO, sai lamba ta biyo baya. Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja ita ke kula da binciken shinkafa, kuma tana da reshe a Birnin Kebbi.

FARO 55 ita ce NERICA 1, an fitar da ita a 2003. FARO 56 ita ce NERICA 2. Duk biyun na tudu ne. FARO 60 da FARO 61 NERICA ne na fadama, an fitar da su a 2011. A 2017 aka fitar da FARO 66 da FARO 67, masu jure nutsewa. Suna iya yin kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa, su farfaɗo. Wannan hali daga wata tsohuwar shinkafar manoman Indiya aka samo shi. Duk wanda ya ga ɓarnar da ambaliyar 2020 ta yi wa gonakin shinkafa a Jihar Kebbi ya san darajar irin wannan iri. Amma in ruwa ya daɗe fiye da haka, su ma ba su tsira.

FARO 44, wadda ta yi suna wajen masu noman rani, ba NERICA ba ce. Shinkafar Asiya ce zalla.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. NERICA ba ta kawo ƙarshen sayo shinkafa daga waje ba. A wurare da yawa amfanin da manoma suka samu bai kai yadda aka yi ta yayatawa da farko ba. Wasu kuma ba su sami irin ba sam. Iri mai kyau yana son taki, yana son noma a kan lokaci. In gona ta gaji, babu irin da zai yi abin mamaki.

Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, aka kuma buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, noman shinkafa ya ƙara zama na kasuwa. Masu injin suna son doguwar farar ƙwaya iri ɗaya. Wannan ya kawo kuɗi. Amma ya sa tsohuwar jar shinkafa tana ƙara ja da baya. Irin da ya ɓace daga hannun kowa, babu masanin da zai iya dawo da shi. Da manoman Sanagal ba su riƙe CG 14 ba, da Jones bai sami abin haɗawa ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin da manomi zai yi

Na ɗaya, wanda yake da tsohon iri na gado, ya ware masa ko da kunya kaɗan ce a gefen gona kowace shekara. Ya rubuta sunansa da halinsa a takarda. In malamin gona na KARDA ko ma'aikacin cibiyar bincike ya zo neman tsohon iri, ya ba shi kaɗan a adana.

Na biyu, kafin a sayi iri a karanta abin da aka rubuta a jikin buhu. A duba lambar FARO. A tambayi malamin gona ko na tudu ne ko na fadama, da yawan kwanakin da yake yi kafin ya nuna. Nan ne amfanin karatu yake. Wanda ya iya karanta lamba ba a sayar masa da FARO 55 a ce na fadama ne.

Na uku, NERICA da sauran FARO da aka ambata a nan, manomi yana iya ajiye irinsu daga gonarsa ya sake shukawa. Amma ya tsige baƙin shukoki tun kafin girbi, ya sussuke iri dabam, ya shanya shi sosai. Bayan kamar shekara uku ya nemi sabo, don iri yakan gauraya.

Na huɗu, a gwada iri kafin shuka. A zuba shi a ruwa, a kwashe wanda ya taso sama, holoƙo ne. Sannan a ƙirga ƙwaya 100, a shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen buhu, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana bakwai a ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun kai 80 ko fiye, irin yana da kyau. In ba su kai ba, a nemi wani.

Na biyar, a sa yara makaranta, maza da mata, kuma a bar su su gama. Akwai jami'ar jiha a Aliero tun 2006, akwai jami'ar tarayya a Birnin Kebbi tun 2013, ga jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Yaron da ya tashi yana korar tsuntsu a gonar shinkafa ya riga ya san shukar nan tun daga tsiro har girbi. In ya sami ilmi, aka sa madubi a gabansa, zai iya yin aikin da Monty Jones ya yi, a kan shinkafar fadamar Rima.

Malaman aji su tattauna wannan jawabi da ɗalibai. Kowane ɗalibi ya rubuta sunayen irin shinkafar da ake nomawa a ƙauyensu, tsofaffi da sababbi, ya kawo aji mako mai zuwa.

Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya kare gonaki daga ambaliya da fari.